MURFIN DA KE NUMFASHI: NOMAN NAMAN KAZA CIKIN KWALBA A ƘASAR GURE

Tun daga shekara ta 2007, sa'ad da aka soma yaɗa buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS cikin ƙauyukan Nijar, malaman gona suke ta nanata wa manoma magana guda: a ɗaure bakin buhu tam, kada iska ta shiga, ƙwarin wake su mutu. Jama'a sun ji, sun kuma ga amfanin abin. To, yau ga wani aiki wanda ƙa'idarsa ta saɓa wa wannan. Wanda yake son ya shuka naman kaza a gida, in ya toshe kwalbarsa kamar yadda ya toshe buhun wake, abin da ya shuka shi zai kashe.

Naman kaza, wanda waɗansu ke kira laimar kwaɗi, ba tsiro ba ne irin na gero ko yakuwa. Ba shi da ganye, ba ya kuwa bukatar rana domin ya yi abincinsa. Numfashi yake yi kamar dabba: yana shaƙar iska mai kyau, yana fitar da gurɓatacciya. Shi da funfunar da ke kama tuwon da ya kwana biyu dangi ɗaya ne, har ma Faransawa suna ɗaya suke kiransu da shi, watau champignon, abin da kan sa mai fassara ya tsaya ya tambaya wanne ake nufi. Wannan dangantaka kuwa ita ce tushen wahalar, gama duk abincin da naman kaza ke so, funfuna ma tana sonsa, ta kuma fi shi saurin girma.

Noman nan ba sana'ar gado ba ce a Gure. Amma garin da ke wajen kilomita 160 gabas da Damagaram, inda tuddan rairayi ke cin gonaki da kwaruruwan dabino, ya kamata ya dubi abincin da ba ya neman fili. Ɗaki mai inuwa ya isa. Hatsin da ake rainon irin a kansa kuma namu ne, gero da dawa. Wani masani ɗan Amurka mai suna James Sinden shi ne ya fito da dabarar rainon iri bisa ƙwayar hatsi a 1932, har yanzu ita ake bi.

Ga yadda aikin yake a taƙaice. Ana jiƙa hatsi ya kwana, a tafasa shi kaɗan ba tare da ya fashe ba, a tsane shi, a zuba cikin kwalba mai faɗin baki, kashi biyu cikin uku. Sa'an nan a dafa kwalbar a rufe cikin tukunyar nan mai kulle tururi, wadda ake kira kokot, zafi ya kai digiri 121, har minti 90. Bayan ta huce a sa mata iri mai tsabta, wanda aka samo daga ɗakin binciken kimiyya. Cikin mako biyu zuwa uku wani farin zare kamar saƙar gizo zai lulluɓe hatsin duka. Duk tsawon wannan lokaci abin da ke ciki yana numfashi, kwalbar kuwa ba a buɗe ta.

Nan ne maganar murfi ta taso. In an rufe ruf, gurɓatacciyar iska ta taru, zaren ya tsaya, hatsi ya yi tsami. In an bar ƙofa, ƙura ta shiga, ƙura kuwa ɗauke take da ƙwayoyin funfuna waɗanda ido ba ya gani. Mutumin Gure ba ya bukatar a gaya masa ƙarfin ƙurar hunturu, wadda ke shiga har cikin akwatin da aka kulle. Abin da ake nema shi ne murfin da iska za ta ratsa, ƙura ta kāsa.

Maganin tsoho ne, yana kuma cikin kasuwarmu. A 1854 waɗansu Jamusawa biyu, Schröder da von Dusch, suka nuna cewa romon da aka tafasa ba ya ruɓewa in iskar da ke isa gare shi ta bi ta cikin auduga. Daga baya Louis Pasteur na Faransa ya tabbatar da dalili: ba iska ce ke ɓata abinci ba, ƙananan halittun da take ɗauke da su ne. Zaren auduga yana kama su kamar yadda rariya ke riƙe tsaki.

Sai a huda murfin a tsakiya da ƙusa, a faɗaɗa hujin ya kai kaurin fensir, watau milimita 6 zuwa 10, a goge kaifin bakinsa. A murɗa auduga a cusa ta da ƙarfi, rabi ciki rabi waje, yadda in an ja ta da yatsa ba za ta fita da sauƙi ba. A nan ina da ra'ayi, ko da zai ba ma'aikatan lafiya mamaki: audugar tsofaffi masu kaɗi, wadda aka gurza aka shiɓa, ta fi ta asibiti dacewa. Ta asibiti an wanke mata maiƙonta domin ta sha ruwa, jiƙaƙƙiyar auduga kuwa gada ce ga funfuna, ta kanta za ta bi ta shiga. Saboda haka ne ma ake lulluɓe murfin da takardar alminiyom kafin a sa kwalba a tukunya, a cire bayan an sauke. Wanda bai sami auduga ba yana iya liƙa filastar nan mai kama da takarda, riɓi biyu, bisa hujin. Tsumma kam bai isa ba, ramukan saƙarsa sun yi girma. Murfin ƙarfe yakan yi tsatsa a bakin hujin bayan dahuwa biyu ko uku, sai a sake shi.

Littattafan Turai sukan ba da shawarar huji babba, ko biyu. A ƙasarsu mai laima wannan daidai ne. A Gure iskar rani tana busar da wanki kafin mai wanki ya gama shanya, haka kuma za ta tsotse ruwan hatsi ta wannan huji. Huji ɗaya ƙarami ya wadatar. In an ga hatsin sama ya ƙanƙance ya yi tauri, zaren ya tsaya a rabin kwalba, hujin ne ya yi yawa. In an ga ruwa ya kwanta a ƙasa, ana jin tsami, ko hatsin ya jiƙe fiye da kima ko auduga ta toshe. In kuwa kore ko baƙi ya bayyana, kada a buɗe cikin ɗaki. A fita da ita nesa a zubar, a sake dafa kwalbar.

Sai maganar lokaci. Irin da aka fi nomawa a gidaje, mai suna Pleurotus, yana son zafin da bai wuce digiri 25 zuwa 28 ba. A watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafin Gure ke haura 40, babu murfin da zai cece shi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne ya kamata a gwada. Shugabannin ƙungiyoyin mata da malaman gona su kuma yi lissafi tun da wuri, domin bayan kwalba za a juye irin bisa yankakken karan gero da aka turara, kara kuwa a ƙasar makiyaya abincin bisashe ne, yana da kuɗi.

Gargaɗi ɗaya wajibi ne. Kada kowa ya tsinko naman kazan daji bayan ruwan sama ya ce zai yi iri da shi. Waɗansu dafi gare su mai kisa, dahuwa ba ta kashe shi. Mai daɗin nan da ke fitowa bisa shuri kuwa gara ce ke nomansa a cikin gidanta, har yanzu ba a sami mai nomansa a kwalba don kasuwa ba.