275,305,224: Lambar da ke ɓoye cikin hatimi mai gida 25

A zaurukan malamai na Zariya, daga cikin birni har unguwannin Tudun Wada, hatimi ba baƙon abu ba ne. Wasu na zana shi a allo domin neman tsari, wasu malaman kuma na yin inkarin hakan. Masana lissafi dai wata tambaya ce ta dame su: hanyoyi nawa ake iya cika hatimi?

Ƙa'idar ita ce a jera lambobi daga ɗaya, ba maimaici, ta yadda jimlar kowane layi, a tsaye ko a kwance ko daga kusurwa zuwa kusurwa, za ta zo daidai.

Hatimi mai gida tara, wanda jimlarsa 15 ce, hanya ɗaya tak yake da ita. Mai gida 16 yana da hanyoyi 880, kamar yadda aka wallafa a aikin Bafaranshe Frénicle de Bessy a 1693.

Mai gida 25 kuwa, wanda kowane layinsa ke ba da 65, sai da kwamfuta ta shigo. A 1973 Ba'amurke Richard Schroeppel ya gano cewa hanyoyin 275,305,224 ne, ba tare da ƙirga juya hatimin ko kifar da shi ba. Adadin ya zarce yawan 'yan Najeriya.

Irin wannan hatimi mai layukan wutiri shi ne fagen Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya kammala littafinsa kan hanyoyin tsara shi a 1732, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741.

To, wace irin lamba ce wannan?

Da farko shafa'i ce, tunda ta ƙare da 4. Amma malaman hisabi na da, irin su Sabit bin Ƙurra na Bagadaza, ba sa tsayawa nan. Sun kasa shafa'i gida uku: wadda ke rabuwa biyu-biyu har ta kai ɗaya, kamar 64, wadda ke rabuwa sau ɗaya ta koma wutiri, kamar 10, da wadda ke tsakani.

Wannan tana cikin kashi na uku. Rabinta 137,652,612 ne, rabin wannan 68,826,306, sannan 34,413,153, inda ta cije a wutiri. Tsayawar da ta yi a rabo na uku shi ke nuna cewa babu wata cikakkiyar lamba da za a ninka da kanta a same ta.

Idan aka tara alƙalumanta tara, za a sami 30. Ke nan uku na raba ta, amma tara ba ta raba ta. Mutum 24 za su kasafta ta ba saura, kowa ya tashi da 11,471,051.

Akwai kuma rabe-raben da Larabawa ke kira tamm, naƙis da za'id. Lamba 6 tamm ce, domin masu raba ta, 1 da 2 da 3, sun haɗu sun ba da 6 cif. Duk lambar da ta haura shida kuma shida ke raba ta, za'id ce, saboda sudusinta da sulusinta da rabinta kaɗai sun cike ta, kafin a ƙara 1. Don haka 275,305,224 za'id ce.

Hatimi mai gida 36 ya ɗauki ƙarin shekaru kusan 50. Sai a 2024 Hidetoshi Mino na ƙasar Japan ya tabbatar da ƙidayarsa, lamba mai alƙaluma 20.