Yadda ake zaɓen sabuwar waya ga injin aiki mai amfani da lantarki

A Tamaske, kamar a Keita da Buza da Madawa, kafintoci da masu walda suna aiki da injin huda katako da injin yanke ƙarfe. Wayar injin ce ke fara lalacewa: ana jan ta a ƙasa, ana taka ta, ga kuma zafin Afrilu da Mayu da kan wuce digiri 40. Idan robarta ta tsage har jan ƙarfe ya bayyana, ɗaurin leda ba magani ba ne, sai dai a sauya ta. Wayar da ba ta dace ba tana iya haddasa gobara a shago, ko ta halaka mai riƙe da injin.

Ku fara karanta jikin injin

Kowane inji yana da rubutu a jikinsa. Lambar da harafin W ke biye da ita, ita ce ƙarfinsa. Wutar da kamfanin NIGELEC ke bai wa gidaje bolt 220 ce. Ku raba ƙarfin injin da 220, ku sami yawan wutar da yake ja, wato amfiya. Misali, injin 2200 W yana jan amfiya 10.

Ku dubi kaurin jan ƙarfe

Kaurin jan ƙarfen ciki ne abin lura, ba kaurin roba ba. Ana rubuta shi a bayan waya:

0,75 mm² tana ɗaukar amfiya 6.
1 mm² tana ɗaukar amfiya 10.
1,5 mm² tana ɗaukar amfiya 16.
2,5 mm² tana ɗaukar amfiya 25.

Siririyar waya tana yin zafi har robarta ta narke. Idan wayar za ta yi tsawo sosai, ku ɗauki wadda ta fi kauri. Kafin ku biya kuɗi, ku kankare bakinta da wuƙa. In cikinta fari ne, alminiyom ne aka shafa wa ruwan jan ƙarfe. Ku bar ta, domin araha ba ta ado.

Sili biyu ko uku?

Injin da ke da alamar ƙaramin murabba'i a cikin babba, sili biyu ya ishe shi. Wanda ba shi da wannan alama yana buƙatar sili uku: mai ruwan ƙasa, da shuɗi, da kore mai ratsin rawaya. Na ukun shi ke kai wuta ƙasa idan ta zubo a jikin injin, saboda haka kada a yanke shi. Rubutun 3G1,5 yana nufin sili uku masu kaurin 1,5. Waya mai rubutun H07RN-F robarta ta fi jure mai da ja a ƙasa.

Filogi

Injinan da ake sayowa daga Sakkwato ko Kano sukan zo da filogi mai faffaɗan ƙafafu uku, alhali na Nijar ƙafafunsa zagayayyu ne. Ku sa filogin da ya dace. Kada ku cusa tsirarar waya a bakin wuta.

A ƙarshe, ku cire injin daga wuta kafin a kwance shi, ku ba ƙwararren mai gyaran lantarki aikin. Ku tabbatar ya ɗaure wayar da maƙalinta na cikin injin, don kada ta fizge idan an ja ta.