Injin Zarto Ya Sha Ruwa? Dakata Da Jan Igiya

Daga Yelwa zuwa Wara, har ƙauyukan bakin Kwara na ƙasar Shanga, injin zarto ya zama abin neman abinci. Da shi ake tsaga katakon jirgi, da shi ake yanka itacen bandar kifi. Wasu kuma na rage kututturan da ruwa ya shanye tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, waɗanda ke leƙowa idan tafki ya janye. Mai zarton wannan yanki ya bambanta da na tudu, don shi injinsa a kwalekwale yake yawo. Yau jirgi ya kife a bakin gaɓa, gobe an manta inji a ƙasan jirgi ruwan sama ya kwana a kansa, jibi ana yankan kututture dab da ruwa ya suɓuce ya nutse yana cikin gudu.

Wannan na ƙarshen shi ya fi muni. A cikin inji akwai ɗan guntun ƙarfe da ya haɗa fistan da karanshaf, makanikai na ce masa kwanrod. Fistan na hawa ya matse iska da fetur, filogi ya ba da wuta. Iska tana matsuwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa ko kaɗan. Idan inji ya zuƙi ruwa yana juyi sau dubbai a minti ɗaya, fistan zai ci karo da shi ya tsaya cik, karanshaf kuma bai daina turowa ba. Kwanrod da ke tsakaninsu shi ke ɗaukar wahalar, ya lanƙwashe. Mai shi kuma yana tsamo injin sai ya hau fizgar igiya don ya ji ko yana da rai. In akwai sauran ruwa a silinda, fizgar nan tana iya karya haƙoran sitata, ta ƙara wa kwanrod rauni.

Abin yi a nan bai kai kuɗin shayi ba. Kashe makunni, cire filogi, kifa injin ramin filogi na kallon ƙasa, sannan ka ja igiya a hankali har ruwa ya daina fita. Zubar da man tanki, cire matatar iska ta bushe, a wanke kafireto. Ɗiga fetur mai haɗi a ramin filogi, ka juya, ka sake kifawa. Ka yi nesa da wuta da mai shan taba. In igiya na tafiya sumul, tayar da shi a ranar ya yi zafi sosai, don ruwan da ya kwana cikin boris tsatsa yake haifarwa. In kuwa ta cije a wuri ɗaya alhali babu filogi, tsaya nan, sai wurin bakanike.

To, a gareji ne ake yawan tafka asara. Wani bakaniken yana jin labarin ruwa zai ce, "Maigida, kwanrod ne, sai an sauke inji gaba ɗaya." Wataƙila gaskiyarsa ne, amma kwanrod ɗin injin zarto gajere ne mai tauri, ba kasafai yake lanƙwasa ba. Akwai cututtuka masu arha da ke kama da shi: birkin sarƙa da ya kama, kulocin da ya cije, boris ɗin gefe da ya mutu, ko fistan da ya ƙone saboda ƙarancin mai a fetur. Ka ce masa, "Malam, a fara da cire sarƙa da salansa mu gani." Ta ramin salansa ana hango jikin fistan. In ka ga zane-zane a tsaye daga sama zuwa ƙasa, ƙuna ce, matsalar haɗin mai ce ko iska da ke shiga ta inda bai kamata ba.

Fistan da kwanrod ya karkatar dabam yake. Zai cinye ta gefe ɗaya a sama, ta ɗaya gefen a ƙasa, a karkace. Akwai kuma gwajin da ba ya ƙarya, wanda kowane bakanike zai iya. Bayan an cire silinda da fistan, a zura miƙaƙƙen ƙarfe da ya cika ƙaramin idon kwanrod daidai, ya fito hagu da dama. A auna tazarar kowane ɓangare zuwa shafaffen bakin da silinda ke zama. In hagu da dama sun zo ɗaya, kwanrod bai karkata gefe ba. A kuma ɗora ƙarfen awo a jikinsa a duba ko ya yi doro. Sannan a kama shi a ja sama a tura ƙasa. Ɗan wasan da yake yi gefe da gefe ba laifi ba ne, haka aka ƙera shi. Amma in ya motsa sama da ƙasa ko ƙanƙani, ko gindinsa ya yi shuɗi-shuɗi, boris ɗin ƙasa ya tafi.

Ba ruwa kaɗai ke wannan ɓarna ba. Sau da yawa lafiya lau kwanrod ke shiga gareji. Wajen kwance kuloci sai a ɗaura dogon noti a ramin filogi don a tokare fistan, a kawo sifana a hau bugu da guduma. Ga shi kulocin yawancin injinan nan zaren hagu ne da shi, wanda bai sani ba yana ƙara ɗaure shi ne yana zaton kwancewa yake. Wani kuma zai fitar da fil ɗin fistan da bugu ba tare da ya tallafe ɗaya gefen ba. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Hanya mai sauƙi ita ce a ɗaga fistan ya wuce ramin salansa, a cusa igiya mai tsabta ta ramin filogi ta zama matashi, a kwance da hannu.

In awo ya tabbatar ya lanƙwashe, kada ka yarda a miƙe shi a maƙera ko a gasa shi da wutar walda. Ƙarfen da aka lanƙwasa aka mayar ya riga ya gaji, kuma ido ba ya iya daidaita abin da zai riƙa juyi dubu 8 zuwa dubu 13 a minti. Ranar da ya karye yana iya fasa gangar injin, asarar ta ninka, ga shi abin a hannunka yake, dab da cinyarka. A irin Stihl da Husqvarna da kwaikwayonsu na Sin da suka cika kasuwa, kwanrod da karanshaf a matse suke tun daga masana'anta, tare ake sayar da su, tare ake canza su. Tunda an riga an buɗe, a sa sabbin boris na gefe da robobin toshe iska da gasket. A babban inji irin Stihl 070 gyaran ya cancanci kuɗinsa. A ƙaramin na Sin kuwa, yi lissafi tukuna, wani lokaci kuɗin kaya da na aiki sun kusa kamo na sabo.

Masu injin jirgi ma su ɗauki nasu, don Yamaha da ta nutse dokarta ɗaya da ta zarto: a cire filogi kafin a taɓa igiya. Haɗin mai kuma a bi abin da kamfani ya rubuta. In 50:1 ne, mililita 100 na man 2T a lita 5 ta fetur. In 25:1 ne, mililita 200. Baƙin man da aka juye daga mota ba ya cikin lissafin.