Mu Maido wa Garkar Bayan Gida da Furenta

Manoma maza da mata na ƙasar Damagaram:

An yi noman fari, an yi maimai. Hatsi ya tashi amma bai fidda kai ba. Aiki ya ɗan yi sauƙi, hauya ta huta. To, ku leƙa bayan gida. Garkar nan da aka bari tun ruwan shuka, ciyawa ta cinye ta, danga ta faɗi, awaki suna shiga. Babu fure ko ɗaya.

Wani zai ce fure ba ya cika ciki. Gaskiya ne. Amma kuɓewa da kabewa da yakuwa, duk sai sun yi fure kafin su yi ɗiya. Garka mai fure ita ce garka mai miya. Kun san watan Agusta: rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai iso ba. Tsofaffinmu da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san yadda ganye ya riƙe gidaje. Mutanen Mirriya da Gidimuni da bakin Korama kuwa sun daɗe da sanin darajar garka.

Ga abin da za ku yi kafin watan Yuli ya ƙare.

Da farko ku nome ciyawa, ku ta da danga. Ku zuba taki wanda ya ruɓe, don ɗanye yana ƙona saiwa. Ku yi kunya mai tudu. Agusta shi ne watan da ya fi ruwa a nan, kuma kuɓewa ba ta son ruwa ya kwanta mata.

Kuɓewa: ku jiƙa iri dare ɗaya. Ku sa ƙwaya 3 cikin rami, tsakanin rami da rami santimita 50. Bayan mako 6 ko 7 za ku ga fure rawaya mai jan ciki. Kwana 5 bayan furen, ku tsinka tun tana ɗanya.

Yakuwa: bayan wata ɗaya ganyenta ya isa miya. Furenta sai wajen kaka, in yini ya fara gajarta. Ku shanya jan suren a inuwa, yana da masu saye a Kasuwar Dole. Ƙwayarta kuma a yi daudawar batso.

Kabewa: wadda ta tsiro kan juji, kada ku tuge ta. Ku bi da ita kan danga. Furenta iri biyu ne, namiji da mace. Ƙudan zuma ne ke kai garin namijin ga macen. Saboda haka kada ku fesa magani da safe, lokacin da suke aiki.

Lalle: yanzu ne lokacin dasa reshensa, tun ƙasa na da laima. Ku jera shi bakin danga. In ya kama, zai tsare garka, ya yi farin fure mai ƙanshi, uwargida kuma ta samu ganyen biki.

In ruwa ya ɗauke ƙarshen Satumba, ku riƙa ba su ruwan alwala da na wankin hatsi. Ban da ruwan sabulu.

Wanda ya iya karatu, ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba mu damana mai albarka.