Kafin a ba yaro magani, a duba sikelin

Uwargida, in kina cefane a Ogbete ta Inugu, ko Mile 1 a Fatakwal, ko Ose a Anacha, kin san ba tiya da mudun gida ake awo da su ba, kofi ne da bokitin fenti. In aka tauye miki awo, ɗan garin rogo kika rasa. Amma akwai awon da tauye shi ke taɓa lafiyar ɗanki.

Yawancin magungunan yara da nauyin jiki ake lissafa su, ba da shekaru ba. Ɗauki maganin zazzaɓin cizon sauro na artemether-lumefantrine: yaro mai kilo 5 zuwa ƙasa da 15 ƙwaya ɗaya yake sha kowane lokaci, mai kilo 15 zuwa ƙasa da 25 kuma ƙwaya biyu. To, idan ɗanki kilo 16 ne, sikeli ya nuna 14, rabin maganinsa za a ba shi. Zazzaɓi ya lafa ya dawo, a ce magani jabu ne, alhali laifin sikeli ne.

Wa ke auna sikelin kansa? A nan aikin Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ya shigo. An kafa ta a 1971, kuma Cibiyarta ta Awo ta Ƙasa a Inugu take. Aikin irin wannan cibiya shi ne riƙe ma'auni na asali na nauyi, tsawo da zafi, wanda ake gwada sauran na'urori da shi, domin kilo ɗaya a Fatakwal ya zama kilo ɗaya a Sakkwato da Faransa. Tun yarjejeniyar birnin Paris ta 20 ga Mayu, 1875 ƙasashe suka fara tafiya a kan haka. Sikelin 'yan kasuwa da famfon gidan mai kuwa, Sashen Awo na ma'aikatar ciniki ta tarayya ke binciken su.

Ke ma kina da naki aikin. Kafin a ɗora yaro, duba ko sikelin yana kan sifili, a cire masa takalmi da kaya masu nauyi. Tambayi ma'aikacin yaushe aka daidaita sikelin. Ba rashin kunya ba ne. In nauyin ya yi nesa da na katin rigakafinsa na kwanan nan, a sake aunawa.

A gida, ki ajiye cokalin shayi a kicin, don girmansu ba ɗaya ba ne. Mililita 5 da aka rubuta, da ɗan kofin da ya zo da kwalbar ko sirinji marar allura ake auna shi. Maigida mai hawan jini kuma ya riƙa tafiya da na'urarsa asibiti, a gwada ta da tasu.

Allah Ya ƙara mana lafiya.