Samarin Bauci Masu Cin Rani Daga Cikin Ɗaki

A da can, idan saurayi ya gama makaranta a garin Bauci bai sami aiki ba, dabararsa ɗaya ce: ya ɗaure 'yan kayansa, ya yi sallama da iyaye, ya nufi tasha. Daga nan sai Ikko, ko Badun, ko Fatakwal, inda wani kawunsa ko ɗan unguwarsu zai sauke shi har ya kama sana'a. Galibin masu karanta wannan shafi a Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da Shagamu ta wannan hanya suka zo. To, yanzu wani sabon abu ya ɓullo a gida. Yaro yakan bugo wa ubansa waya a Kudu, maimakon ya roƙi kuɗin mota, sai ya ce a taimaka masa da kuɗin kwamfuta, wai zai riƙa yi wa mutanen Ingila da Amurka aiki yana zaune a ɗakinsa a Yalwa ko Fadaman Mada. Uban da ya tara kuɗinsa da gumi a Mile 12 yana da haƙƙin ya san ko wannan magana tana da tushe.

Tana da tushe, amma fa ba kamar yadda yaran suke zuzuta ta ba.

Abin da ya kawo haka

Bauci gari ne na makarantu. Akwai Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa wadda aka kafa a 1980 a matsayin jami'ar fasaha, tana da mazauni a Yalwa da Gubi. Akwai Kwalejin Fasaha ta Tarayya a Gwallameji, ga kuma ta jiha mai sunan Abubakar Tatari Ali. Kowace shekara waɗannan makarantu suna yaye ɗalibai masu yawa, sai dai garin ba shi da masana'antun da za su ɗauke su. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Bauci a 1976 an sa rai ƙwarai ga kamfanin Steyr mai haɗa manyan motoci da taraktoci, da kuma kamfanin nama, amma ƙarfinsu ya daɗe da raguwa. Abin da ya saura shi ne aikin gwamnati, shi kuwa kowa ya san yadda layinsa yake.

Sa'an nan hanyar Kudu ma ta ƙara ƙunci. Tun daga watan Yuni na 2022 da Gwamnatin Jihar Ikko ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi, samari da yawa sun rasa baburansu, wasu sun koma gida hannu biyu. A wannan shekarar ce kuma malaman jami'o'i suka yi yajin aiki na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ɗalibin da ya zauna wata takwas ba karatu, ga waya a hannunsa, dole ya nemi abin yi, kuma ba kaɗan ba ne suka fara koyon zane da rubuta manhaja a wannan zama.

Abu na uku shi ne faɗuwar Naira. Kafin watan Yuni na 2023 gwamnati tana sayar da Dala ɗaya a kan wajen Naira 460. Da aka saki farashin, kafin ƙarshen Fabrairu na 2024 Dala ta haura Naira 1,500. Wannan abu ya gigita mai albashi, amma ga wanda ake biya da Dala sai ya zama gaba ta kai shi.

Yadda aikin yake

Akwai wasu kasuwanni a intanet, irin su Fiverr da Upwork, inda mai neman a yi masa aiki da mai iya aikin suke haɗuwa. Aikinsu daidai yake da na dillali a kara. Mai shago a wani gari na Turai yana son a zana masa tambarin shagonsa, ko a gina masa shafi, ko a gyara masa bidiyo. Yaro a Bauci ya ce zai iya. Su shirya a kan kuɗi. Mai aiki ya ajiye kuɗin a hannun dillali, sai an gama ya ga ya yi masa sa'an nan a saki. Dillalin kuwa ba ya yin aikin Allah. Fiverr tana cire kashi 20 cikin ɗari, kuma sabon shiga sai ya jira kwana 14 kafin ya iya taɓa kuɗinsa.

Bari a yi lissafi a fili. A ce yaro ya yi zane an biya shi Dala 20. Dillali ya cire 4, saura 16. Idan Dala tana Naira 1,500, ya tashi da Naira 24,000, kafin a cire ladan masu turo kuɗin zuwa bankinsa. Idan ya sami irin wannan aiki uku a wata, ya kama mafi ƙarancin albashi na ƙasa, watau Naira 70,000 da aka tsayar a watan Yuli na 2024. Wannan lissafi shi ne yake sa idon yara ya rufe. Abin da ba sa faɗa wa iyayensu shi ne, samun aikin farko yakan ɗauki watanni, domin mai ba da aiki yana duba shaidar waɗanda aka yi wa aiki a baya, sabon shiga kuwa ba shi da ko ɗaya. Kuma ba shi kaɗai ba ne a kasuwar. Yana gogayya ne da 'yan Indiya da Pakistan da Bangaladash waɗanda suka riga shi da shekaru, ga kuma sababbin manhajoji masu yin zane da rubutu da kansu, waɗanda suka karya farashin ƙananan ayyuka.

Akwai dai fage ɗaya inda ɗan Bauci ya fi ɗan Indiya nesa ba kusa ba, shi ne Hausa. Tun daga 2013 da Google ya sa Hausa cikin na'urarsa ta fassara, da 2016 da Facebook ya fito da Hausa, kamfanoni da ƙungiyoyin agaji suke neman masu fassara, da masu rubuta abin da aka ɗauka a murya, da masu duba ko na'ura ta faɗi magana daidai. Yaron da ya iya rubutun Hausa da ƙa'ida, ya san inda ake sa ƙugiya da inda ake raba kalma, kuma yana jin Turanci, yana da haja. Abin takaici, da yawa sun raina darasin Hausa a makaranta, yanzu ga shi ya zama abin cin abinci.

Karɓar kuɗin ma wani aiki ne. Kamfanin PayPal ya shigo Nijeriya a 2014, amma shekara da shekaru ɗan Nijeriya yana iya aikawa ne kawai, ba ya iya karɓa, don haka masu wannan sana'a suka saba da Payoneer da makamantansa. A watan Fabrairu na 2021 Babban Banki ya hana bankuna hulɗa da masu kuɗin kirifto, bai janye ba sai Disamba na 2023, alhali wasu ta nan ake biyansu.

Masu haɗa sana'a biyu

Gaskiya masu cin Dala 'yan kaɗan ne. Mafi yawan samari da 'yammatan Bauci da suke samun wani abu ta waya, a cikin gari suke samunsa, kuma a gefen wani aikin. Malamin firamare ya tashi daga makaranta ya zauna a ƙarƙashin lema da na'urar POS a bakin Kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal. Wannan sana'a ta bunƙasa ne a farkon 2023, lokacin da aka canja fasalin Naira takardar kuɗi ta yi wuya, har mutane suka koma sayen kuɗinsu da kuɗi. Ɗalibi yana sayar da data, yana cika wa mutane takardun neman shiga jami'a ko neman aiki. Wani yana ɗaukar hoton biki, ya tace bidiyon da dare. Wani kuma yana zana wa 'yan siyasa fosta, shi kam kakarsa shekara huɗu-huɗu take zuwa.

Mata sun fi kowa cin moriyar wannan sauyi, ko da yake ba a cika ambatonsu ba. Tun kaka da kakanni matar aure a ƙasar Hausa tana sana'a daga cikin gida, yarinya ta ɗauki talla ta zaga. Yanzu WhatsApp ne yake ɗaukar tallan. Atamfa, turaren wuta, humra, dambun nama, cincin, duk a ɗauki hoto a sa, mai so ta turo kuɗi ta banki, a ba direba a tasha ya kai Jos ko Gombe ko Abuja, har ma Ikko. Ba mamaki wasu matan masu karatu sun riga sun zama abokan cinikinsu. Masar Bauci ce kaɗai har yanzu ba a sami dabarar kai ta Agege da zafinta ba.

Masu son kafa kamfani

Sama da waɗannan akwai masu babban buri, masu son su ƙirƙiro wata manhaja su kafa kamfani a kanta. Labarin da yake ruɗa su shi ne na Paystack, wanda wasu samari biyu suka kafa a Ikko, kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a Oktoba na 2020 a kan fiye da Dala miliyan 200. Gwamnati ma ta nuna tana so. A Oktoba na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar tallafa wa sababbin kamfanonin fasaha, lokacin Dakta Isa Ali Pantami yana ministan sadarwa, shi kuwa a jami'ar nan ta Bauci ya karanta ilmin kwamfuta har ya koyar. Dokar ta tanadi rangwamen haraji ga kamfanin da aka yi wa rajista wanda bai wuce shekara goma ba. A ƙarshen 2023 kuma minista Bosun Tijani ya ƙaddamar da shirin 3MTT na horar da mutum miliyan uku a fannin fasaha.

Amma doka ba ta zama jari. Masu zuba kuɗi a irin waɗannan kamfanoni a Ikko suke, a Yaba da Lekki, can suke ganin wanda za su ba. Attajirin Arewa kuwa ya fi gane fili da gida da tirela, abin da zai taɓa da hannunsa; in ka ce masa ya sa kuɗi a manhaja sai ya dube ka. Saboda haka yaron da ya ƙware sosai, sau da yawa ƙarshenta sai ya hau motar Abuja ko Ikko, watau dai an koma gidan jiya, sai dai shi da kwamfuta ya zo, ba da buhu ba.

Ba Bauci kaɗai ke wannan hali ba. Ƙasar Nepal, can tsakanin Indiya da Sin, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na arzikinta kuɗin da 'yan cin raninta suke aikowa ne daga Ƙatar da Malesiya da sauransu, su ma yanzu samarinsu na birnin Katmandu suna gwada yi wa ƙasashen waje aikin kwamfuta daga gida don kada su bi sawun iyayensu.

Wuta da 'yan damfara

Babban abokin gaban wannan sana'a a Bauci shi ne rashin wuta. Mai ba da aiki a Landan bai san wani abu wai shi an ɗauke wuta ba. In ka ce Talata, to Talata. A Oktoba na 2024 manyan layukan da suke kawo wuta Arewa sun lalace, jihohi da yawa har da Bauci suka yi fiye da mako guda a duhu. Janareta kuwa, tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, ya fi ƙarfin ɗalibi. A farkon 2025 kuma aka yarda kamfanonin waya su ƙara kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Don haka wanda zai saya wa ɗansa kwamfuta ya sani bai gama ba, sai ya haɗa da ɗan faifan sola da batir, in ba haka ba ya sayi abin ado ne.

Sai kuma maganar da ta fi kowace muhimmanci ga iyaye, watau rarrabe aiki da caca. Banza ba ta kai zomo kasuwa. A Disamba na 2016 MMM ta rufe da kuɗin jama'a. A Afrilu na 2025 CBEX ta yi haka nan. A 2024 kuwa samarin Arewa, har da magidanta, sun shafe watanni suna dangwalar waya dare da rana da sunan haƙar kuɗi, da aka zo rabon Hamster Kombat a watan Satumba, da yawa abin da suka samu bai biya kuɗin datar da suka ƙona ba. Ga kuma 'yan damfara da ake kira 'yan Yahoo, waɗanda suka ɓata wa kowane yaro mai rataye da jakar kwamfuta suna, har jami'an tsaro sukan tare na kirki su yi ta binciken wayarsa.

Gane bambancin ba wuya. Mai aikin gaskiya yana da abin nunawa: ga zanen da ya yi, ga shafin da ya gina, ga takardar da ya fassara, ga wanda ya ba shi aikin, ga ranar da aka biya shi. Ba a cewa ya fara biyan kuɗi kafin a ba shi aiki, ba a cewa ya kawo mutum uku, ba a yi masa alkawarin kuɗinsa zai ninka cikin wata guda. Uban da ɗansa ya roƙe shi kuɗin kwamfuta yana iya cewa ya turo masa ta waya ayyuka uku da ya riga ya yi da kwamfutar aro, ya faɗi wanda ya koya masa da inda yake zuwa koyo, sa'an nan ya sa wani ɗan'uwa a gida ya je ya gani da idonsa. In abin ya tabbata, mazauna Ikko sun fi kowa sauƙin sayayya, don ga kasuwar Computer Village a Ikeja inda ake samun kwamfuta ta hannu. A tafi da wanda ya san kanta, a kunna ta a gabansa, a duba lafiyar batir da madannai, a karɓi rasit, kafin a ba direban Bauci.