Kukan Kwaɗi A Mubi: Masu Gadin Gona Da Ba A Biyansu Lada

Duk wanda ya taɓa kwana a Mubi a daren da aka yi ruwan sama mai ƙarfi na farko, a ƙarshen watan Afrilu ko cikin Mayu, ya san irin hayaniyar da kan tashi bayan lisha. Daga bakin kogin Yedzaram, da kududdufan da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu, har zuwa 'yan ramukan da masu lambu suka tona don ban-ruwa, ba abin da ake ji sai kukan kwaɗi. Baƙo yakan yi tsaki don an hana shi barci. Manomi kuwa sai ya tashi ya duba irinsa na shuka, domin ya san damina ta ƙarato.

Mubi, tsohuwar hedkwatar Lardin Sardauna, tana gindin duwatsun Mandara ne a Jihar Adamawa, kusa da iyakar Kamaru. Ruwan saman da take samu a shekara yakan kai kusan milimita 1,000, kuma mafi yawansa tsakanin Mayu da Oktoba yake sauka. Da rani kuwa Yedzaram, wanda ke gangarawa arewa har ya ratsa ta Bama, yakan koma rairayi. To, ina kwaɗin nan suke shiga duk tsawon watannin nan, har su bayyana a dare guda?

Wasu sukan ce daga sama suke faɗowa tare da ruwa. Gaskiyar magana ita ce a ƙarƙashin ƙafar mutane suke. Idan taɓo ya fara bushewa, wasu sukan nutsa cikinsa su kwanta ba ci ba motsi, har akwai irin da kan lulluɓe jikinsa da saɓar fatarsa don kada ya bushe. Wasu kuma sukan fake a gindin randa, ko bakin rijiya, ko lambunan rani inda ƙasa ke da laima. Da ruwa ya jiƙa ƙasa sai su fito gaba ɗaya su nufi wurin da ya taru.

Hayaniyar da ake ji ta maza ce kaɗai, watau neman mata suke yi. Namiji yakan hura wata jaka da ke maƙogwaronsa ta ƙara masa amo, kuma kowane iri da muryarsa, ta yadda mace ba ta ɓata wa kanta lokaci wajen wanda ba jinsinta ba. Idan ta zaɓa, sai namijin ya hau bayanta ya rungume ta, tana zuba ƙwai cikin ruwa yana barbararsu a waje. Kwaɗon tudu, mai kaushin fata da ake gani a tsakar gida, yakan jera ƙwansa dubbai cikin wani dogon zare mai yauƙi kamar carbi. Kwaɗin ruwa masu santsin jiki kuwa nasu a dunƙule yake, ko kuma a warwatse bisa ruwa.

Saboda zafin ƙasar, cikin kwana biyu ko uku ƙwan ya ƙyanƙyashe. Sai a ga 'yan baƙaƙen halittu masu wutsiya suna iyo kamar kifi, ba hannu ba ƙafa. Daga nan tsere ya fara tsakaninsu da rana. Suna bukatar makonni kaɗan kafin ƙafafu su fito, wutsiya ta shanye, su iya shaƙar iska a tudu. Idan ruwan sama ya ɗauke ramin ya ƙafe kafin lokacin, duk sun hallaka. Ga kuma tsuntsaye da kifi da ƙwarin ruwa suna ɗibar rabonsu. Cikin dubban ƙwai, ƙalilan ne ke zama kwaɗi.

Waɗanda suka tsira su ne ma'aikatan manomi na dare. Kwaɗo ba ya taɓa dawa ko masara ko shinkafa. Abincinsa fara ne, da gara, da tsutsotsi, da sauran ƙwarin da ke cin amfanin gona. Mai karatu zai iya cewa ai kududdufi gidan sauro ne. Haka ne, ruwan da ya kwanta yana haifar da sauro. Amma sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro ya fi son ƙananan tafkuna da rana ke duka, irin su sawun shanu da na mota, inda ba abin da zai cinye 'ya'yansa. A kududdufi mai tsabta kuwa yana da abokan gaba, cikinsu har da 'ya'yan bududdugi, watau babban kwaɗon ruwa, waɗanda kan ci tsutsar sauro.

Sai dai fa duniya juyi-juyi ce, wai kwaɗo ya faɗa ruwan zafi. Abubuwa uku ne suka taso masa a biranen Arewa. Na farko shi ne bunƙasar gari. Ramin da jiya yake bayan gari, yau ya zama juji, gobe an cike shi an yanka fuloti. Illar ba ta kwaɗo ce kaɗai ba, domin ruwan da ramin kan tara idan an yi mamako, sai ya nemi hanya ta cikin gidajen jama'a. Na biyu shi ne maganin feshi. Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki, da fatarsa yake tsotsa, kuma da ita yake wani ɓangare na numfashinsa. Saboda haka manomin da ya wanke tankin feshinsa a kududdufi a farkon damina, a kan ƙwai da 'ya'yan shekara guda ya zuba dafin.

Na uku shi ne fatauci. Ana kama bududdugi da dare da tocila, a busar ko a ƙyafe, a cika buhuna a kai kasuwannin kudu maso yammacin ƙasar nan. Wani bincike da masana daga Jamus da Nijeriya suka buga a 2010 ya nuna cewa masu kamu 32 kacal suna tara kwaɗi kimanin miliyan 2.7 a shekara, kuma da yawa daga Arewa da ƙasashen maƙwabta irin su Benin da Nijar suke fitowa. Sana'a ce da wasu ke ci da iyali da ita. Amma kama uwa a daren da ta zo zuba ƙwai daidai yake da cinye iri kafin shuka. Malamai ma sun kawo a littafin Abu Dawuda cewa an hana wani mai magani kashe kwaɗo don haɗa magani.

Wasu ƙasashe sun riga sun ɗanɗana. Indiya ta daɗe tana sayar wa Turai ƙafafun kwaɗi, har aka lura ƙwari sun yawaita a gonakin shinkafa, kuɗin maganin feshi kuma yana ta hauhawa. Ta hana fitar da su a 1987, Bangaladash ta bi sahu a 1989. A 2023 kuma, wani babban nazari da aka yi kan iri fiye da 8,000 na kwaɗi da danginsu ya gano cewa kashi 41 cikin 100 suna fuskantar barazanar ƙarewa. A Ingila, inda kwaɗi kan zuba ƙwai cikin Fabrairu da Maris, mutane da yawa sun haƙa musu 'yan tafkuna a lambunan gidajensu, wasu ma har sukan fita da dare da bokiti su tsallakar da su titi don kada mota ta take su.

Mutanen Mubi ba sai sun haƙa ba, ramukan suna nan. Abin da ake bukata shi ne a daina zuba shara da baƙin mai a cikinsu, a riƙa wanke kayan feshi nesa da ruwa, masu lambu su bar ramukan ban-ruwansu har 'ya'yan kwaɗi su fita, masu kamu kuma su ɗaga ƙafa a makonnin farko na damina. Ya kamata ƙananan hukumomin Mubi ta Arewa da ta Kudu, tare da masu unguwanni, su tantance kududdufan da za a bari kafin a raba filaye. Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a garin a 2002 kuma tana da ɗaliban da za su iya ƙirga irin kwaɗin da ke kowane rami shekara-shekara, don a san lokacin da suka fara raguwa. Rigakafi dai ya fi magani, kuma maganin ƙwarin da manomi zai saya idan kwaɗi suka yi shiru ya fi ƙarfin aljihunsa.